Kurege da Tafarnuwar Inna Tambai

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo hanya tana haki.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma ta zauna.

To, ku matso, a tura itacen nan cikin wuta, hayaƙi na neman hana ni magana.

Wata tsohuwa ce, ana kiranta Inna Tambai. Gidanta ne na ƙarshe a gari, daga shi sai gonaki, daga gonaki sai daji. Garin kuwa macizai sun addabe shi. Damina na sauka sai ka ji ihu: yau an ga kasa a gindin turmi, gobe an ga kububuwa a cikin takalmi, jibi akuyar wane ta kumbura ta mutu. Amma gidan Inna Tambai, shekara talatin da 'yan kai, ko saɓar maciji ba a taɓa tsinta ba.

Kuma ba don gidan bai da abin kwaɗayi ba. A bayan ɗakinta tana da ɗan lambu, in ka gan shi sai ka manta abin da ya kawo ka. Ga kuɓewa, ga rama, ga yakuwa ja wur, ga zogale ya yi lema, ga kabewa ta haye rumbu ta kwanta. A tsakiya kuma ga kunya shida na gyaɗa, kore shar. Sai kuma gindin katanga, inda ta jera tafarnuwa da daɗɗoya da ciyawar tsaure mai ƙanshi, tun daga zaure har suka zagayo zaure. Rariyar da ruwan sama ke fita ta wurin, nan ta fi cika wa tafarnuwa, ta kuma toshe bakinta da dutse, ba ta janye shi sai hadari ya haɗo.

Matan gari suka yi ta zuwa roƙon iri. Ta ba su tafarnuwa, ta ba su daɗɗoya, ba ta hana kowa ba. In za su tafi sai ta ce, "Ga iri nan, amma fa sai an haɗa da tsintsiya." Su ce to, su je su shuka, su bar tsintsiya a jingine. Ita kuwa safe da yamma tana duƙe tana shara, tana 'yar waƙarta:

Share, share, tsintsiyata,
ƙasa ta ba ni labari,
wa ya taka, wa ya ja ciki,
wa ya zo ban gayyace shi ba.

Ana nan, ana nan, wata rana da hantsi sai ga Kurege a ƙofar gida, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, yana sallama da muryar tausayi.

Inna Tambai ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Inna, Kurege, maraya, marar gida."

Ta ce, "Ina gidan naka?"

Ya ce, "Kumurci ya ƙwace. Na fita kiwo, na dawo na tarar da shi ya miƙe a ramina, kai a ɗakin kwanana, wutsiya a ɗakin ajiyata. Na ce, ranka ya daɗe, gidana ne. Ya ce, da can ke nan."

Wannan karon gaskiya ya faɗa, ku rubuta ku ajiye, don ba za ku sake jin irinta daga bakinsa ba sai can gaba.

Inna Tambai ta dube shi, ta ce, "Shigo, ɗan nan. Ga tsohuwar tukunya can a kan dakali, ka kwana a ciki. Kullum safe zan ba ka ludayi guda na gyaɗa. Amma gidana da doka. Kada ka haƙa rami a gindin katanga. Kada ka tara ɓawo. Kada ka taɓa abin da na shuka a bakin rariya."

Kurege ya faɗi ya yi godiya, ya ce, "Inna, ko kallonsu ba zan yi ba."

Ya zauna. Safe ludayi guda, safe ludayi guda. Ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, wuyansa ya ɓace. Amma duk sa'ad da ya gama cin ludayinsa, sai ya haye dakali ya zuba wa kunya shidan nan ido. Ya ƙirga daga gabas, shida. Ya ƙirga daga yamma, shida. Ya ce a ransa, "Kunya shida, ni kuwa ludayi guda! Tsohuwar da haƙoranta ba su fi huɗu ba, me za ta yi da kunya shida?"

Rannan sai aka aiko wa Inna Tambai cewa 'yarta da ke aure a ƙauyen gaba ta haihu. Ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Ta kama kazarta da 'yan tsakinta bakwai ta sa a kwando, gudummawar suna. Ta kwashe ƙwan zabinta ta jera a cikin wani tulu mai yashi, ta rufe da kasko. Ta share gida tas, ta ce, "Ɗan nan, kwana biyu zan yi, ran na uku in dawo. Ga ludayi uku na auna maka. Ka kula da gida."

Kurege ya ce, "Inna, ki sauka lafiya. Ki gaishe da mai jego."

Ta ɗora kwando a ka ta fita. Ya haye katanga ya bi ta da kallo har ta shige cikin dawa. Sai ya dira, ya cinye ludayi ukun nan a zama ɗaya, ya share baki, ya zauna tunani.

In ya tone gyaɗa, Inna za ta dawo ta kore shi. To, in Inna ce ta gudu fa? In ta dawo ta ga maciji a tsakar gidanta, ai sai ta tattara ta koma wurin 'yarta, lambu ya zama na mai tsaron gida. Ya yi tsalle ya ce, "Kai, ni Kurege, Allah ya yi mini kai!"

Ya nufi tsohon raminsa, ya tsaya daga nesa, ya ce, "Salamu alaikum, babban yaya, mai baƙar riga, ranka ya daɗe."

Kumurci ya leƙo, ya ce, "Kai ne, ɗan gajere? Ka yi ƙiba."

Kurege ya ja da baya taku biyu, ya ce, "Kumburi ne, ranka ya daɗe, ba lafiya ba. Albishir na kawo. Inna Tambai ta yi tafiya. Ga kaza, ga 'yan tsaki bakwai, sun yi ɓul-ɓul, ba mai tsaronsu."

Kun dai ji, kaza tana kan hanyar suna a cikin kwando, kuma Kurege da idonsa ya gani.

Kumurci ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Gidan tsohuwar nan? Shekara bakwai ina zagaya katangarta, ban sami inda zan sa kai ba."

Kurege ya ce, "Ai tafarnuwa ce. Bar ni da ita. Ni dai in ka shiga, kai da kaji, ni da gyaɗa."

Ya koma gida. Ya duba gabas, ba Inna. Ya duba yamma, ba Inna. Ya sa kafaɗa ya ture dutsen rariya, ya tumɓuke tafarnuwa kai goma sha biyu. Sai ya tsaya da su a gabansa. In ya zubar, za a gani. In ya binne, za su tsiro su tona masa asiri. Ya ce, "Zan ce akuya ce ta shigo ta cinye. Akuya kuwa ba ta barin saura." Ya runtse ido ya gatsa. Hawaye suka zubo, hanci ya zubo, kunnuwa suka ɗau zafi. Ya ci huɗu, ya ce sauran sai gobe.

Da azahar Kumurci ya zo, ya zuro kai ta rariya. Ya duba dama, ƙasa fes. Ya duba hagu, ƙasa fes. Ba tsinke, ba ganye, ba inda ko ƙadangare zai raɓe. Ya ɗaga kai, ga shaho yana shawagi. Kafin ya yi wani motsi, zabin Inna suka hango shi, suka ɗauki ihu gaba ɗaya, "Ga shi! Ga shi! Ga shi nan!" Kumurci ya janye kai har ya ƙuje wuya.

Kurege ya bi shi waje, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya? Na cire tafarnuwa fa."

Kumurci ya ce, "Kai sakarai ne. Warin tafarnuwa yana tayar mini da zuciya, gaskiya ne, amma in yunwa ta yi yunwa sai in toshe hanci in wuce. Abin da ya fi ƙarfina filin nan ne. Ni ba na tafiya a sarari kamar ango. Ina son duhuwa, ina son tarin shara, ina son rami, ina son inda ɓera ke kai da kawowa. Tsohuwar nan ba ta bar mini ko ɗaya ba. Ta san ni kamar ita ta raine ni. Wallahi da ina da hannu, da na sara mata."

Kurege ya ce, "Duhuwa, shara, rami, ɓera. Shi ke nan? Ka dawo jibi da hantsi."

Kashegari Kurege ya yi aikin da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya duba gabas, ba Inna. Ya duba yamma, ba Inna. Ya jawo karmami, ya jawo kara, ya jawo busasshen ganyen kabewa, ya tara a bayan rumbu har tarin ya fi shi tsawo sau biyar. Ya tone kunya guda ta gyaɗa, ya ci, ya ci, ya watsa ɓawo a kan tarin. Ɓeraye suka ji ƙanshi suka zo da 'ya'yansu da surukansu. Ya haƙa rami daga bayan katanga, ya bi ta ƙarƙashi, ya ɓullo a tsakiyar tarin. Da ya gama ya zauna ya ci tafarnuwa huɗu, yana kuka.

Rana ta uku da sassafe ya cinye huɗun da suka rage. Ya ɗebi dawa ya watsa can bakin gona, zabi suka bi ta suka bar gida. Hantsi na yi, sai ga Kumurci ya biyo rami, sulu-sulu, ya ɓullo a cikin karmami. Ɓeraye suka ji motsin da ba na ɗan'uwa ba, suka watse, ko sallama babu.

Kumurci ya ce, "Madalla. Yanzu ka yi aiki. Ina akurki?"

Kurege ya nuna masa da baki. Kumurci ya je ya leƙa. Ba kaza, ba ɗan tsako, sai gashi guda a ƙasa. Ya dawo a hankali, ya ce, "Ɗan gajere, ina 'yan tsaki bakwai?"

Kurege ya ce, "Af! Ba sa nan? To, ko sun fita shan iska?"

Kumurci ya ce, "Kwana tara ban ci komai ba. Ɓeraye sun gudu, kaji babu. Amma ga ka."

Kurege ya zabura ya faɗa rami. Ya manta ramin nan ba shi kaɗai ya san shi ba. Kafin ya kai tsakiya, wutsiyar Kumurci ta naɗe masa ƙafa, aka jawo shi baya, ƙiii, kamar ana zare rogo. Kumurci ya fasa kai, ya buɗe baki.

Kurege ya ga mutuwa ido da ido, sai ya ce, "Haaa, ranka ya daɗe! Haaa, ka ji tausayina! Haaa!"

Kowane "haaa" kuwa da tafarnuwa kai huɗu a cikinsa. Kumurci ya yi baya, idonsa ya kawo ruwa, ya yi atishawa har sau uku. Ya ce, "Me ka ci haka?"

Kurege ya ce, "Tafarnuwar da na cire maka. Kai goma sha biyu, duk suna nan a cikina, ko narkewa ba su fara ba. In ka haɗiye ni, ka haɗiye lambun Inna. Wata guda za ka yi kana gyatsarta, kuma kai ba ka da inda za ka gudu ka bar cikinka."

Kumurci ya kawar da kai, ya ce, "Rufe bakin nan. Zan jira warin ya fita. Ina riƙe da ƙafarka har gobe, har jibi."

Kurege ya tuna da tulu. Tun ranar da Inna ta tafi ya ƙudura a ransa ƙwan zabin nan na cikin tulu nasa ne, da su zai yi bikin cin gida. Ya auna ƙwai, ya auna ransa, ya sake auna ƙwai. Da ƙyar dai rai ya rinjaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, babba kamarka ya zauna da yunwa har jibi? Ga ƙwan zabi can a tulu, goma sha biyar. Ka fara karya kumallo da su, ni in zama abincin rana."

Kumurci ya ja shi har gindin tulu. Kurege ya ture kasko gefe. Kumurci ya zura kai, ya ga ƙwai jere a kan yashi, ya zura wuya, ya zura ciki. Wutsiya dai tana waje, riƙe da ƙafar Kurege.

Kurege ya ɗaga kai sama, ya ƙwala ihu, "Shaho! Ga shaho ya sauko! Ranka ya daɗe, wutsiyarka!"

Kumurci ya saki ƙafa ya zuƙe wutsiya ciki, zuruf. Kurege ya jawo kasko ya kifa a bakin tulu, ya haye ya zauna daram.

Kumurci ya bugo kasko daga ciki, ƙwam! Kurege ya yi sama ya dawo. Ya sake bugowa, ƙwam! Kurege ya yi sama ya dawo. Ga dutse can taku uku, ba halin ɗaukowa. Ga gyaɗa kunya biyar can taku biyar, ba halin taɓawa. Rana ta take, kasko ya yi zafi kamar za a toya waina. Ya ɗaga wannan ɗuwawu, ya sauke, ya ɗaga wancan. Tun hantsi har la'asar yana nan, ƙwam, sama, ƙasa, ƙwam, sama, ƙasa. Da bakinsa ya riƙa cewa, "Allah ka kawo Inna! Allah ka kawo Inna!"

La'asar sakaliya sai ga Inna Tambai, da ƙullin naman suna a hannu. Ta tsaya a bakin zaure, ta zuba wa ƙasa ido.

Kurege ya ce, "Inna, sannu da zuwa! Kin ga jarumi! Kumurci ya shigo, na yi kokawa da shi, na kama shi da hannuna na cusa a tulu!"

Inna Tambai ta ajiye ƙullinta. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira maƙwabta ba. Ta ɗauko dutsen niƙa, ta ce, "Sauka." Ya sauka, ta ɗora dutsen a kan kasko. Kumurci ya bugo, dutse ko gezau.

Sai ta kama hannunta a baya, ta fara zagaya gida tana duban ƙasa kamar mai karanta allo. Ta ce, "Nan wani mai 'yan ƙafafu ya sa kafaɗa ya ture dutsen rariya, ya zame sau biyu. Nan ya zauna ya yi kuka, ga inda hawaye ya ɗiga. Nan mai jan ciki ya leƙo ya koma, bai shigo ba. Nan mai 'yan ƙafafu ya yi sawu arba'in yana jan karmami. Nan ɓeraye suka yi biki. Nan kuma aka jawo wani da baya, ga sawun farcensa yana roƙon ƙasa ta riƙe shi."

Kurege ya ce, "Inna, akuya ce."

Ta ce, "Matso ka faɗa mini a kusa."

Ya matso, ya ce, "Aku..."

Inna Tambai ta toshe hanci, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, har haƙoran nan huɗu suka fito duka. Kurege ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, ni ne. Duk ni ne. Ban san ƙasa tana magana ba."

Ta ce, "Tana yi, in ka share mata baki. Kai ka ɗauka ganye ne kaɗai ke tsaron gidan nan? Ganye na nasa, ni ina nawa."

Ta aika aka kira wani gardi mai wasa da macizai, ana ce masa Tunau. Ya zo ya buɗe tulu da dabararsa, ya ga Kumurci baƙi wuluk, ya haɗiye ƙwai shida ya yi nauyi. Ya ce, "Inna, shekara nawa ina neman irin wannan!" Ya sa shi a jaka. Da za a fita da shi, Kumurci ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, na sara miki. Kai kuma ɗan gajere, Allah ya haɗa mu ranar da ba ka ci komai ba." Tun daga ranar Kumurci ya koma rawa a kasuwanni.

Kurege ya ɗaure 'yan kayansa zai tafi. Inna Tambai ta ce, "Ina zuwa? Wanda ya ɓata shi zai gyara. Ka kwashe tarin nan, ka cike ramin nan, ka mayar mini da tafarnuwa kai goma sha biyu. Kuma daga yau sharar bayan ɗaki taka ce, safe da yamma."

Ya kwashe, ya cike, ya shuka. Da aka zo shara, ya ɗaga tsintsiya ta kayar da shi. Ya sake ɗagawa ta sake kayar da shi. Sai ya juya baya ya sa wutsiyarsa. A wancan zamanin wutsiyar Kurege siririya ce sumul, irin ta ɓera. Yau shara, gobe shara, sai ta fara tarwatsewa, ta buɗe, ta yi buzu-buzu. Har yau haka take, haka kuma 'ya'yansa suka gada. In kun gan shi a gona ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana waige-waige, sai kuma ya karkaɗa wutsiya ya ruga, sawunsa yake gogewa, kada wata tsohuwa ta biyo baya ta karanta.

Saboda haka, yara, duk wanda ya yi niyyar sata a gidan mai shara, ya fara koyon tashi sama tukuna. Wanda kuma zai gayyato maciji cin abinci, ya tabbata ya karya da tafarnuwa, kai goma sha biyu, kada ya rage ko ɗaya.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe da safe shi ke da tsintsiya.